Yadda Ake Shirya Ziyarar Cikin Gidan LEGO a Billund, Tun Daga Neman Gurbi Har Ɗaure Kaya

A garin Billund na ƙasar Danmak, ƙofofin LEGO, kamfanin da ke yin ƙananan tubalan roba na wasa da ake haɗawa a yi gini, iri biyu ne. Akwai waɗanda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga, wato filin wasa na Legoland da aka buɗe a 1968, da katafaren ginin LEGO House da aka buɗe a 2017. Akwai kuma waɗanda suke rufe ga jama'a: masana'antar da ake zuba tubalan, da tsohon gidan wanda ya kafa kamfanin, da ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashinsa, da shagon ma'aikata. Hanya mafi sauƙi da mutumin waje zai bi ya ga waɗannan ita ce shirin da ake kira LEGO Inside Tour, wanda aka fara tun 2005, kuma ana yinsa sau kaɗan a shekara ga ƙaramar tawaga.

Wannan jagorar ta mai son shiga wannan tawagar ce. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun farko: tafiyar nan jeri gare ta. Gurbi ne farko, sai biza, sai tikitin jirgi. Wanda ya birkita jerin shi ne ke asarar kuɗi.

Da farko, ka san abin da kake saye

Ziyarar tana ɗaukar wajen kwana uku, galibi tsakanin watan Mayu da Satumba, lokacin da sanyin ƙasar ya yi sauƙi. Da Turanci ake yin komai. Kuɗin da za ka biya ya haɗa da masauki da abinci na kwanakin shirin, da zirga-zirga tsakanin wuraren, da zama da masu ƙirƙiro saitin da kake gani a kasuwa (wato kwalin tubala da littafin umarnin gina wani abu), da kuma wani saiti na musamman da ba a sayar da shi a ko'ina. Kuɗin jirgi da na biza suna wuyanka.

Ba ziyarar ƙananan yara ba ce, duk da cewa kayan wasa ne tushenta. Akwai tsayuwa mai tsawo, akwai sauraron bayani, akwai tafiyar ƙafa a cikin masana'anta. Suna da iyakar shekaru, kuma wanda bai kai 18 ba sai da babba tare da shi, shi ma babban da nasa tikitin. Idan burinka yara 'yan shekara biyar ko shida su sha wasa, Legoland da LEGO House sun fi dacewa da su nesa ba kusa ba, kuma da kuɗi kaɗan. Inside Tour na wanda yake son sanin yadda aka yi abin ne, ba wanda yake son hawa lilo ba.

Neman gurbi

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin masu nema daga faɗin duniya sun ninka guraben sau da yawa. Ana buɗe rajista a shafin intanet na LEGO House a ƙarshen shekarar da ta gabaci ta tafiyar, wajen Oktoba ko Nuwamba. A da, wanda ya riga shi ke samu, kuma guraben kan ƙare cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Daga baya aka koma buɗe rajista na 'yan kwanaki, sannan a yi ƙuri'a. Saboda haka tun watan Satumba ka fara leƙa shafin, ka yi rajistar saƙonninsu na imel, ka karanta ƙa'idar shekarar da kanka. Kada ka dogara da abin da wani ya faɗa maka game da bara.

Wajen cike fom, ka rubuta sunanka harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. Mu da muke rubuta suna ɗaya ta hanyoyi uku, Muhammad yau, Mohammed gobe, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin takardar da za su aiko maka ita za ka kai wajen neman biza, kuma sai sunayen sun dace. Ka ba da adireshin imel da kake buɗewa kullum, ka riƙa duba har akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa. Idan aka ba ka zaɓin ranaku, shawarata ka fi karkata ga na ƙarshen kakar, Agusta ko Satumba idan akwai, saboda ka samu sararin neman biza ba tare da zuciya na bugawa ba.

Gurbin da aka ba ka yana zuwa da wa'adin biya. Idan wa'adin ya wuce, wani ake ba.

Kuɗi

Tun kafin annobar korona kuɗin ziyarar ya haura krone dubu 14 ga mutum ɗaya, kuma ya ƙaru tun daga lokacin. Danmak ba ta amfani da yuro, krone ne kuɗinta, amma an ɗaure darajarsa da ta yuro, kusan krone bakwai da rabi a kan yuro ɗaya, don haka lissafin ba wuya. Ka ɗora kuɗin jirgi, da biza, da inshora, da kwana ɗaya ko biyu na otal kafin shirin da bayansa, da abin da za ka kashe a shago.

Sai ka zauna da bankinka kafin a yi ƙuri'a, ba bayanta ba. Katin naira yana da iyakar abin da zai iya biya a ƙasar waje, kuma bankuna suna sauya iyakar lokaci zuwa lokaci. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Ka gwada shi da wata ƙaramar sayayya ta intanet don ka tabbatar yana wucewa. A can ma kati za ka riƙa miƙawa a kusan ko'ina, daga bas har shagon burodi, tsabar kuɗi ba ta da kasuwa sosai.

Biza, inda ya kamata ka fi ba da ƙarfi

Danmak tana cikin ƙasashen Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar ɗan gajeren zama ta Schengen za ka nema, kuma a hannun Danmak za ka neme ta tunda can ne ainihin inda za ka, ko da jirginka zai fara sauka a Holan ko Jamus. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a yi tafiya. Ka yi amfani da wannan damar. Da zarar ka biya kuɗin ziyara, takardar tabbaci ta shigo hannunka, ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci ko cibiyar da ke karɓar takardu a madadinsa. A wasu ƙasashen wata ƙasar Turai ce ke wakiltar Danmak, sai ka bincika na ƙasarka.

Fasfo ya zama an bayar da shi cikin shekaru 10 da suka wuce, yana da shafi biyu fanko, kuma zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar Turai. Inshorar lafiya ta tafiya dole ce, wadda ta kai yuro 30,000. Kuɗin biza na babba yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu.

Gaskiyar da ba kowa ke faɗa ba ita ce, Danmak ta kasa ƙasashe rukuni-rukuni wajen ba da biza, kuma tana tsaurarawa ga masu zuwa yawon buɗe ido daga ƙasashen da take tsoron mutum ya je ya ƙi dawowa. Abin da jami'in yake nema a takardunka shi ne dalilin da zai dawo da kai gida. Saboda haka ka tara shaidu na gaskiya: takardar wurin aiki da ke nuna hutun da aka ba ka da ranar komawa, ko rajistar kasuwancinka, da bayanin asusun banki na watanni da ke nuna shige da ficen kuɗi na yau da kullum, da shaidar iyali, da tsofaffin bizoji idan ka taɓa fita ka dawo. Kuɗin da aka zuba maka a asusu dare ɗaya ana gobe za ka miƙa takardu ba ya taimako, sai ma ya jawo zargi.

Ka rubuta 'yar wasiƙa da bakinka, shafi ɗaya, ka bayyana mene ne wannan ziyara, yadda aka zaɓe ka, ranakun da za ka yi, da inda za ka kwana kowane dare. Ka haɗa da takardar tabbaci da rasidin biya. Mutumin da ya biya kuɗi mai yawa haka don shirin kwana uku mai sananniyar rana yana da labari mai tsari, kuma wannan ƙarfi ne gare ka. Ka kuma karanta sharuɗɗan soke gurbi tun kafin ka biya, ka san abin da zai faru da kuɗinka idan biza ba ta fito ba. Tikitin jirgi kuwa, ka yi ajiyar kujera kawai ko ka sayi wanda ake iya mayarwa, har sai fasfo ya dawo da hatimi.

Hanya

Billund ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba, amma filin jirginsa shi ne na biyu a girma a duk Danmak. Asalinsa ma filin saukar jirgi ne da Godtfred Kirk Christiansen, ɗan wanda ya kafa kamfanin, ya samar a farkon shekarun 1960. Ana shigarsa kai tsaye daga manyan tashoshin Turai irin su Amsterdam da Frankfurt, kuma daga filin zuwa otal-otal ɗin da ke kusa da Legoland tafiyar mintoci kaɗan ce. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi.

Idan ta Kopenhagen ka shigo, ka sani babu tashar jirgin ƙasa a Billund. Jirgin ƙasa zai kai ka garin Vejle cikin awa biyu da wani abu, daga nan ka hau bas mai lamba 43. Manhajar Rejseplanen tana nuna lokutan jirgi da bas gaba ɗaya.

Ka isa ana gobe za a fara, ko ma kwana biyu kafin. Tawaga ba ta jiran wanda jirginsa ya makara.

Sutura, abinci da salla

Ko a tsakiyar bazararsu iska na kaɗawa, kuma ruwa na iya saukowa ba sallama. Ka ɗauki rigar sanyi mai sauƙi da rigar ruwa. Takalmi rufaffe mai daɗin tafiya wajibi ne, ba a shiga masana'anta da silifa. Mai zuwa daga Najeriya ko Gana ya nemi adafta, domin soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, ba irin na Ingila ba. Ruwan famfo ana sha.

Naman alade ya yi yawa a abincin Danmak, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba: tsiran da ake sawa a burodi, da ƙwallayen naman da suke kira frikadeller, da hantar da ake shafa wa burodi, leverpostej. Idan ka ga svin ko gris a jikin takarda, alade ne. Masu shirin suna tambayar abin da mutum ba ya ci, ka rubuta musu a fili tun a fom, ka kuma sake tuna musu ranar farko. Kifi da kayan lambu sun fi sauƙin samu a kan naman halal a gari irin wannan.

Lokacin salla ma yana buƙatar shiri. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe biyar na safe, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, kuma hasken sama ba ya gama ɗaukewa. Ka tambayi malaminka hukuncin matafiyi da na irin waɗannan ƙasashe kafin ka tashi. Alƙibla tana kudu maso gabas. Ka sa ƙaramar darduma a jakar hannu, ka gaya wa jagoran tawaga kana buƙatar minti goma a keɓe da rana, ba za a ɗauke shi wani abu ba.

Ka ɗan karanta tarihi kafin ka je

Wanda ya je da sani shi ke more gani. Ole Kirk Christiansen kafinta ne a Billund. A 1932, da aikin gine-gine ya tsaya saboda karyewar tattalin arziki, ya koma yin kayan wasa na katako. Gobara ta ci masa wurin aiki a 1924, ta sake ci a 1942. A 1947 kamfanin ya samu injin zuba roba, a 1949 tubalan farko suka fito, amma fanko ne cikinsu, ba sa riƙe juna sosai, gini na rushewa da an taɓa shi. Sai a ranar 28 ga Janairun 1958 aka yi rajistar fasahar tubali mai bututu a cikinsa, wanda ke cafke 'yan maɓallan saman ɗan'uwansa. A shekarar ce Ole ya rasu. Gobara ta uku a 1960 ta cinye rumbun kayan katako, daga nan aka daina katako gaba ɗaya. A 1963 aka koma robar da ake kira ABS, wadda ake amfani da ita har yau, sannan ɗan mutum-mutumin nan mai kai ruwan ɗorawa ya fito a 1978. Har yanzu kamfanin yana hannun zuri'ar Ole.

Ka kuma riƙe kalmomi biyu da za ka ji a bakin abokan tafiya. AFOL suna nufin babban mutum mai sha'awar LEGO, MOC kuma ginin da mutum ya ƙirƙira da kansa ba tare da littafin umarni ba. Tambayar farko da za a yi maka a teburin abinci ita ce wane saiti ka fara samu, kuma me kake ginawa yanzu. Ka sa hotunan gine-ginenka a waya.

Tsohon gida da ɗakin ajiya

Ranar farko za a ba ka takardar alƙawarin riƙe sirri ka sa hannu. Ka karanta ta, ka kuma cika ta. A wasu wuraren an hana ɗaukar hoto kwata-kwata, kuma abin da ka gani wanda bai fito kasuwa ba, ba naka ba ne ka yaɗa.

A babban titin garin akwai gidan jan bulo da mutum-mutumin zakuna biyu a ƙofarsa, wanda Ole ya gina bayan gobarar 1924. Shi da gine-ginen da ke manne da shi su ne gidan tarihin kamfanin na cikin gida, wanda suke kira LEGO Idea House. A nan za ka ga agwagwar katako mai tayoyi da ake ja da igiya. Akwai labari a kanta da kamfanin ke yawan bayarwa: Godtfred yana yaro ya shafa wa wasu agwagi fenti mai ƙyalli shafi biyu maimakon uku, ya kai su tasha, ya dawo yana murna ya yi wa mahaifinsa tattali. Ole ya sa shi ya koma ya ɗauko su, ya ƙara shafi na uku, ya sake ɗaure su shi kaɗai.

Sai a sauka ɗakin ajiya. Dogayen kantoci ne masu tafiya a kan layin ƙarfe, ana murɗa hannu su buɗe, an jera kwalaye shekara bayan shekara, kusan duk saitin da kamfanin ya taɓa fitarwa, mafi yawansu ba a taɓa buɗe su ba. Lokacin da ake bayarwa a nan kaɗan ne, kuma mutane da yawa suna ɓata shi wajen kai-kawo ba su san inda suka dosa ba. Tun daga gida ka rubuta saiti uku ko huɗu da kake son gani, da lambar kowanne da shekarar da ya fito, ka nufi kantar shekarar kai tsaye. Idan ba ka tashi da LEGO a gida ba, kamar yawancinmu, wataƙila sai ragowar tubalan gwanjo da ba ka taɓa sanin daga wane kwali suka fito ba, to ka binciko asalinsu kafin ka je. Akwai rumbunan bayanai na masoya a intanet da ake gano saiti ta hanyar wani tubali mai zane ko ɗan mutum-mutumi guda. Ganin cikakken kwalin abin da ka sani a warwatse, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya a wurina.

Masana'anta

Kornmarken sunan wurin, yana gefen gari. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin mutane. Dogayen zaure ne cike da injuna a jere, ga ƙara, ga ɗumi, ga warin roba kaɗan, amma ma'aikata ɗai-ɗai. Idan ka ɗaga kai za ka ji wata shasshaka a cikin bututun da ke sama. Ƙwayoyin roba ne iska ke turowa daga manyan rumbuna zuwa injuna.

Ka tsaya gaban inji ɗaya ka bi shi daga farko har ƙarshe, kada ka riƙa waige-waige. Ana narka ƙwayoyin da zafin da ya haura digiri 230, a tura narkakkiyar robar da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kusan yadda mai buga bulo ke cika nasa ya danne, sai dai nan cikin daƙiƙu kaɗan ta huce, mazubin ya buɗe, tubala su zubo cikin akwati, ya sake rufewa. Idan akwatin ya cika, wata mota marar direba ce ke zuwa ta ɗauke shi ta ajiye fanko. Suna da layinsu a ƙasa, ka tsaya inda aka ce ka tsaya.

Mazubin nan shi ne zuciyar sana'ar. Ana sassaƙa shi da daidaiton da kuskurensa ba ya wuce 'yan kaso cikin dubu na milimita ɗaya, domin tazarar maɓalli zuwa maɓalli milimita 8 ce, tsayin tubali 9.6, kuma dole ya riƙe ɗan'uwansa da ƙarfin da gini ba zai zube ba, amma yatsun yaro su iya raba su. Shi ya sa tubalin 1958 yake hawa kan na bana daram. Idan ka juya tubali ka duba cikinsa da kyau za ka ga ƙananan lambobi. Daga cikinsu akwai masu nuna mazubin da ya fito da shi, ta yadda idan aka ga aibi za a san wane ƙarfe za a cire a gyara. Ka tambayi jagora ya nuna maka wannan da tubali a hannu. A da, idan mazubi ya tsufa, binne shi ake yi a harsashin sabon gini don kada ya faɗa hannun masu kwaikwayo.

Kada ka sa ran ganin ana cika kwalaye masu hoto a nan. Zubi ne babban aikin Billund. Kamfanin yana da wasu masana'antu a Jamhuriyar Cek, da Hangari, da Meziko, da Sin, da Biyetnam, kuma yawancin tubalan da ka ga suna zubowa za su yi tafiya kafin su shiga kwali.

Zama da masu ƙira

Wannan ne ɓangaren da na fi so mutum ya shirya masa. Masu ƙirar suna zama da tawaga, su ci abinci tare, su nuna samfuran da suka gina suka rushe kafin a kai ga wanda aka sayar. Kada ka tambaye su abin da zai fito baɗi, ba za su faɗa ba, sai dai ka sa su jin nauyi. Ka tambayi abin da suke da bakin amsawa: me ya sa aka zaɓi wannan tubalin aka bar wancan, yaya ake yi idan ƙira ta fi ƙarfin farashin da aka yanka mata, yaya ake gwada gini a hannun yara, wane ɓangare ne ya fi ba su wahala, ta wace hanya suka shigo aikin. Matashi mai sha'awar zane ko injiniyanci ya riƙe tambayar ƙarshen nan da kyau. Idan kana da saitin da ɗayansu ya ƙirƙira, ka zo da littafin umarninsa da alƙalami, da yawa suna sa hannu da farin ciki.

Akan kuma yi gasar gini, a zube tubala a ba da jigo da lokaci. Ka gina abin da ka sani wanda sauran ba su sani ba. Ƙofar gari mai zanko, ko rumbun hatsi, ko mahayin doki da kwalliyar hawan salla, zai fi jan hankalin mai ƙira a kan jirgin sama na goma da ya gani a daren. Ka gwada shi a gida tun kafin tafiya, da ƙananan tubala, cikin minti talatin.

Shago da ɗaure kaya

A shagon ma'aikata farashi ya yi ƙasa da na kasuwa, lokaci kuma ƙayyadadde ne, kuma a nan ne hankali ke barin mutane. Ka shiga da jerin abin da kake so da iyakar kuɗin da ka yanka wa kanka. Ma'auninka na gaskiya shi ne akwatinka: yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma kwalin LEGO ya fi cin wuri a kan nauyi. Ka tambayi masu shirin tun da wuri ko akwai tsarin aika kaya, kuma ko ya kai ƙasarka. Idan babu, ka zo da jaka ɗaya fanko. Saitin da ginawa za ka yi, ka buɗe kwalin, ka fitar da ledojin, dama lamba gare su, ka ninke kwalin ya kwanta a ƙasan jaka, ka cusa ledojin tsakanin tufafi.

Saitin musamman da ake bayarwa a ƙarshen ziyara kuwa, kada ka yi masa haka. Kowace shekara da nata, kuma galibi daga tarihin kamfanin ake ɗauko shi: injunan zubi a 2011, bishiyar da ke tsakiyar LEGO House a 2017, taraktar Ferguson a 2018. Kaɗan ake yi, kuma masu tarawa suna sayensa da tsada. Ka naɗe shi da riga ka sa a jakar hannu. Ni dai ra'ayina ka gina shi, don gini aka yi shi, amma naka ne.

Harajin sayayya a Danmak kashi 25 cikin 100 ne. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a mayar masa da wani kaso idan sayayyarsa ta haura krone 300 a shagon da ke cikin tsarin. Ka nemi fom a wurin biya, ka ajiye rasidi, ka samu hatimin kwastan kafin ka bar Turai, kuma kayan su kasance inda za ka iya nuna su. Saboda haka ka je wajen kwastan kafin ka miƙa jakarka.

Idan ƙuri'a ba ta faɗo kanka ba

Wannan shi ya fi yiwuwa a karon farko, kuma ba ya hana zuwa Billund. LEGO House na buɗe ga kowa, ka dai sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Kamfanin mai zanen gine-gine Bjarke Ingels ne ya tsara shi kamar manyan tubala 21 da aka ɗora kan juna. A tsakiyarsa bishiyar nan ce mai tsayin mita 15 da aka gina da tubala sama da miliyan 6, a samansa akwai zauren da ake baje ayyukan masoya daga ƙasashe daban-daban, a ƙasansa kuma akwai ɗakin tarihi mai ɗauke da ɗaruruwan tsofaffin saiti. Kusa da ƙofar fita akwai injin zubi na gaske yana aiki a gaban jama'a, yana fitar da jajayen tubala masu maɓalli takwas, a ba kowa guda shida da kati mai hoton hanyar haɗa su da aka ware masa shi kaɗai daga cikin hanyoyi 915,103,765. Shagon gidan ma yana da saitin da ba a samu a wani wuri, ciki har da agwagwar katakon nan da aka sake yi da tubala a 2020. Gidan zakuna kuma yana nan kusa, tafiyar ƙafa ce, ana ganinsa daga titi.

LEGO House kan shirya gajerun ziyarce-ziyarce masu jagora da suka fi arha, ka duba su a shafin guda. Idan kuma mutane kake son haɗuwa da su, ka saita tafiyarka zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da masoya daga ƙasashe da dama ke taruwa a garin Skærbæk da ke kudancin Danmak don baje gine-ginensu na ƙarshen mako. Daga nan zuwa buɗe rajistar shekara mai zuwa saura makonni kaɗan, kuma bizar Schengen da ka yi amfani da ita ka dawo a kan lokaci tana cikin abubuwan da za su ƙarfafa takardunka a nema na gaba.